Leza za ta iya kama hayaƙin dare, amma hazon Zariya zai gwada ta

Mai masana'antar da ya yi niyyar karya dokar hayaƙi ba da rana tsaka yake yi ba. Matacin hayaƙi na cin wuta, yana cin kuɗin gyara, don haka sai a jira a tashi daga ofis a kashe shi, ko a ɗura wa tukunyar tururi baƙin mai mai arha. Da dare kuma iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, hayaƙin ba ya hawa, kwantawa yake a kan gidajen mutane. Kafin jami'in hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna (KEPA) ko na ta tarayya (NESREA) ya iso da safe bututu ya yi tsit, ba abin da ya rage sai yara masu tari.

Nan ne na'urar lidar take da rana. Tana harba hasken leza a gutsure, ƙwayoyin hayaƙi su maido da kaɗan daga ciki, madubin hangen nesa ya tattara shi. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka idan ya je ya dawo cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, abin da ya taɓa yana nisan mita 150. Daga kan bene ko bayan mota, ba tare da an roƙi maigadi ya buɗe ƙofa ba, za a ga inda hayaƙi ya faro da inda ya nufa. Babbarta, wadda ake kira DIAL, launi biyu take harbawa: ɗaya iskar da ake nema tana shanye shi, ɗayan ya wuce. Bambancinsu ne ke nuna yawanta. Iskar farar wuta da baƙin mai ke fitarwa ana kama ta da haske mai wajen nanomita 300 (nanomita ma'auni ne da ake bambanta launukan haske da shi). Sai an haɗa da ma'aunin gudun iska kafin a ce kilo kaza ne a awa, kuma yawancin kuskuren lissafi daga gudun iskar yake shigowa.

A ganina DIAL ta yi mana tsada a yanzu. Ƙaramar mai bin ƙwayoyin hayaƙi guda ɗaya, a mota, ta isa a fara zagaya Cikaji da Dakace, unguwannin masana'antu na Zariya. Sai dai duk wanda zai sa hannu a takardar saye ya fara tambaya game da hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar da ke tasowa daga Bodele a Chadi tana cinye hasken tun bai yi nisa ba, tana kuma shigewa cikin hayaƙin har lauyan kamfani ya ce ai hazo ne aka auna. Maganin wannan shi ne na'ura mai auna juyawar haske. Ƙwayar ƙura mai kusurwa ce, tana juya kusan kashi 30 cikin ɗari na hasken da ta maido, hayaƙin ƙuna kuwa yawanci bai kai kashi 10 ba. In babu wannan ɓangaren, wata huɗu na shekara sun tafi a banza. Ga gilashin da dole a riƙa gogewa, ga lezar da ba ta son zafi, ga wutar da ke ɗaukewa. Kuma na'urar ba ta ganin abin da ke dab da ita, sai an ja baya da ɗaruruwan mitoci.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da garin nan: ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi ƙasa-ƙasa. Leza koriya mai nanomita 532 tana iya lahanta idon matuƙi, don haka a nemi mai 1550 wadda ba ta kai ta haɗari ga ido ba, a kuma daidaita lokacin aiki da hasumiyar filin jirgi.

Hoton leza shi kaɗai ba zai ci shari'a ba. Aikinsa ya nuna bututu da sa'a, jami'i ya shiga a daren ya ɗebi samfuri. Shi ya sa ya fi dacewa a damƙa na'urar ga masana kimiyya na Jami'ar Ahmadu Bello ko na cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa (NARICT) da ke Basawa su riƙa daidaita ta, hukuma kuma ta ware kuɗin man mota da alawus na masu aikin dare tun a kasafin da za a saye ta.