Sushi Ba Ɗanyen Kifi Ba Ne

Mutane da dama na ƙin shiga gidan abincin Japanawa, wai sushi ɗanyen kifi ne. Asalin sushi shinkafa ce mai gajeren ƙwaya da aka cakuɗa da ruwan khal, sukari da gishiri. Ɗanyen kifi zalla kuwa sashimi ake kiransa.

Mai gudun ɗanye ya nemi kappa maki mai kokwamba, ko tamago na soyayyen ƙwai, ko ebi, wato dafaffen jatan lande. Sai dai a tambayi mai girki, domin miyar unagi (gasasshen kifi mai siffar maciji), sau da yawa har tamago, ana zuba musu mirin, wani ruwan girki mai zaƙi da ake yi da shinkafa, kuma akwai barasa a cikinsa.

Khal da wasabi (koren yajin da ake ci da sushi) ba sa kashe anisakis, tsutsar da akan samu a ɗanyen kifin teku. Dafawa ke kashe ta, ko daskarar da kifin awa 24 a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius.