Bulala Ba Ta Koyar da Natsuwa a Aji

Iyaye da dama a Sakkwato kan ce wa malamin firamare, "Malam, ka dake shi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Karin maganar gaskiya ce, amma tanƙwarawa daban, karyawa daban. Dorina tana sa yaro shiru na ɗan lokaci ne kawai. Abin da yake koya shi ne ɓoye laifi da ƙarya da gudun makaranta, wani kuma ya huce a kan ƙaramin da ke kusa da shi.

Sau da yawa abin da ake kira taurin kai yana da dalili. Yaron da kunnensa ke ruwa ba ya jin umarni sosai. Wanda ba ya hango allo sai ya shiga surutu. Ga yunwa, ga zafin Afrilu da kan wuce digiri 40 ƙarƙashin kwano. Mari a kunne kuwa yana iya fasa dodon kunne, ya ƙara matsalar.

Malami ya ɗauki mako guda yana rubuta lokacin da yaron ke rikici da darasin da ake yi. Ya dawo da shi layin gaba. Dokokin aji kada su wuce huɗu, hukuncin kuma ya dace da laifin: wanda ya zubar da shara ya share, wanda ya yi faɗa ya rasa minti biyar na hutu. In bayan mako biyu babu sauyi, a kira mahaifi, a kai yaron asibiti a duba ido da kunne.