A karɓi takardun daraktocin wasan kwaikwayo na Bauchi da Gombe tun masu su na da rai

An daɗe ana zaton fim ɗin Shaihu Umar ya salwanta, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Adamu Halilu ne ya ba da umarninsa a 1976, daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma sai da cibiyar fina-finai ta Arsenal da ke Jamus ta gyara shi kafin a sake nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ya tsira ne domin kayan hukuma ne, akwai ginin da aka ajiye shi, ko da an manta da shi. Darakta ko mai shirya wasan daɓe a Bauchi, Azare, Gombe ko Kaltungo ba shi da wannan gatan. Tarihin aikinsa yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ko cikin buhu a sito.

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a nan. Malam Aminu Kano ya koyar a Midil ta Bauchi a shekarun 1940, kuma an san shi da amfani da wasa wajen wayar da kai. Bayan ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, da Gombe a 1996, gidajen rediyo da talabijin na jiha da ƙungiyoyin wasa na makarantu da na unguwanni sun samar da mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a wannan sana'a. Da yawansu yau sun manyanta. Ra'ayina shi ne jami'o'inmu su je su karɓi takardunsu yanzu, gaba ɗayansu, bisa yarjejeniya a rubuce, kada a jira ranar sadakar uku.

Dalilin gaggawar yana cikin yadda ake yin wasan Hausa. Sau da yawa babu cikakken rubutu. Darakta kan zo da ƙashin labari a shafi biyu ko uku, ya raba wa kowa matsayinsa, 'yan wasa su cika sauran da bakinsu a wajen gwaji. Saboda haka littafin da darakta yake riƙewa a hannu ya fi komai daraja: nan ya rubuta wanda zai shigo ta dama, inda za a buga kalangu, maganar da aka cire don kada ta ɓata wa hakimi rai. Rubutu ne na gajerce-gajerce da alamomin da shi kaɗai ya san fassararsu. In ya rasu, takardar na nan amma babu mai karanta ta. Haka hotuna. Hoton mutum goma a kan dandamali, ba suna ba shekara, kusan ba shi da amfani ga mai bincike, alhali mai shi zai lissafa su duka cikin minti biyu. Aikin farko ke nan: a zauna da shi da na'urar ɗaukar murya, a bi takardun ɗaya bayan ɗaya yana bayani, ana rubuta sunaye da wuri da shekara a bayan hoto da fensir mai laushi. Ban da biro, don tawadarsa na ratsawa.

Iyalai, har ma wasu ma'aikatan laburare, sukan zaɓi abin da ya yi kyau a ido, wato lambobin yabo da hotuna da manyan baƙi, su watsar da rasit da wasiƙu. Wannan kuskure ne babba. Rasit ɗin hayar zaure, lissafin kuɗin ƙofa, wasiƙar neman izinin hukuma, takardar da ta nuna nawa aka biya kowane ɗan wasa, su ne ke bayyana aikin mai shiryawa: wa ya ɗauki nauyi, me aka hana, me ya sa ƙungiya ta watse. Kuma kada a sake jera takardun don su yi tsaf. In darakta ya haɗa rubutun wasa da wasiƙa da hoto a fayil ɗaya, haɗin kansa bayani ne. A ba fayil ɗin lamba a bar shi yadda yake.

Abokan gāban takarda a wannan yanki sanannu ne. Gara ce ta farko, sai laimar Yuli da Agusta mai kawo fumfuna, sai kyankyasai da ɓeraye, sai ƙurar hunturu. Maganinsu ba ya buƙatar miliyoyi. Kantar ƙarfe ake so, ba ta katako ba, a ɗaga ta aƙalla santimita 15 daga ƙasa, a janye ta daga bango don gara kada ta samu hanya. A cire ƙusar sitefula da fil, domin tsatsarsu na cin takarda. A cire robar ɗauri, wadda ke narkewa ta manne. Salatif yana barin tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Mafi muni shi ne laminatin, wanda mutane ke yi da kyakkyawar niyya: zafi da gam suna shiga jikin takardar, kuma ba a iya warware shi. Leda ma tana tara gumi. Kwali mai murfi da fayil na takarda marar sinadarin asid sun wadatar, a ɗaki mai iska wanda laimarsa ba ta wuce kashi 50 cikin 100 ba. Takardar da ta riga ta yi fumfuna a ware ta, a shanya a inuwa, a share da buroshi mai laushi a waje.

Kaset ya fi takarda saurin mutuwa. Zaren kaset ɗin bidiyo na VHS da U-matic da na kaset ɗin murya yana yin danƙo in ya sha laima, kuma in aka cusa shi a na'ura haka nan zai kankare hoton, ya ɓata kan na'urar. An daina ƙera sababbin na'urorin VHS tun 2016, masu gyaransu ma suna ƙarewa. Don haka wajen yin kwafi a fara da kaset kafin takarda, a ajiye su a tsaye, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu.

Wasu za su ce a ɗauki hoton komai da waya a huta. Hoton waya da aka tura ta WhatsApp yana raguwa, rubutun fensir ya ɓace, wayar kuma ta faɗa ruwa. Kwafin kirki da sikana ake yinsa, ɗigo 300 a kowane inci ga takarda, 600 ga hoto, a adana a tsarin TIFF wanda ba ya rage ingancin hoto, kowane fayil da sunan wasa da shekara. A yi kwafi uku, ɗaya a wani gari daban. Duk da haka asalin takardar ba a yar da shi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na iyalai, waɗanda ke tsoron a karɓi kayan mahaifinsu su ɓace, ko wani ya ci riba da su. Tsoron yana da tushe, kuma yarjejeniya ce maganinsa. Mallakar takarda daban, haƙƙin mallakar rubutun daban. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, haƙƙin rubutu na nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, kuma magada ne ke da shi ko da takardun na laburare. Sai a fayyace a rubuce ko kyauta ce, ko waƙafi, ko ajiya ta wa'adi, da wasiƙun da za a rufe har zuwa wani lokaci, da kwafin da za a ba iyali, da cikakken jerin abin da aka karɓa mai sa hannun ɓangarorin biyu. Yin haka da rai yana kuma hana a yayyaga tarin a wajen rabon gado, rabi ya tafi Kano, rabi ya ƙare a hannun mai ƙosai.

Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello a Kaduna da Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero a Kano sun nuna jami'a na iya riƙe takardun mutum ɗaya don masu bincike. Jami'ar Jihar Gombe, da ta Tarayya da ke Kashere, da Jami'ar Sa'adu Zungur suna da laburare da ɗalibai masu neman abin nazari. Ɗaki ɗaya, ma'aikaci ɗaya da aka horar, sikana ɗaya, da jerin daraktoci biyar mafi tsufa a kowace jiha sun isa a fara kafin damina mai zuwa.