Safiyar da ke Biyo Bayan Kwalba

'Yan uwana matasa, ban zo in maimaita muku hukuncin giya ba. Kun san shi tun kuna ƙanana, wasunku ma sun fi ni iya kawo aya. Duk da haka akwai masu sha a cikinmu, wasu a ɓoye, wasu sun daina ɓoyewa, kuma yin shiru bai taɓa rage ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Maganata da su ce, da kuma abokan da ke kwasar su zuwa gida.

Na taɓa zama ɗaki ɗaya da mai sha, don haka na san kamannin wannan safiya. Rana ta take, shi yana dunƙule ya rufe fuska da filo saboda hasken taga kamar allura yake ji a idonsa. Bokiti na gefen katifa. Wayarsa na ta ruri, daga wurin aiki ake nema, ya kasa miƙa hannu. Leɓe ya bushe, harshe kamar an shafa toka. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa kullum ɗaya ne: "Wallahi daga yau na daina." Na biyun kuma: "Don Allah samo mini wani abu in sha ya sake ni."

Wannan "wani abu" shi ne abin da babu. A 2005 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan magungunan laulayin bayan maye, ba a samu ko ɗaya da ke da hujja mai ƙarfi ba. Shekaru bayan haka masana a King's College da ke Landan suka sake duba gwaje-gwaje 21, suka tarar hujjojin duk masu rauni ne. Saboda haka wanda ya sayar maka da ƙwaya ko wani ruwan kwalba ya ce yana kashe laulayin giya, kuɗinka kawai ya kashe.

Dalili yana cikin hanta. Giyar da ka haɗiya hanta ce ke sarrafa kusan dukkanta. Tana fara mayar da ita wani sinadari mai guba da ake kira asitaldihaid, daga nan ta sake mayar da shi wani abu mara cutarwa da jiki zai fitar. Aikin nan yana da saurinsa, kuma ba ya jin lallashi: abin da bai wuce giram 10 na tsantsar barasa ba a awa ɗaya. Kwalbar rabin lita mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari tana ɗauke da kimanin giram 20. Yi lissafi da kanka. Wanda ya fara ƙarfe 10 na dare ya shanye kwalba 5, hantarsa ba za ta gama ba sai wajen ƙarfe 8 na safe, ko ma ta wuce. Shi ya sa mutum zai tashi ya wanke fuska ya hau babur ko ya kama sitiyari yana ganin ya wartsake, alhali giyar jiya tana nan tana yawo a jininsa. Kofi mai ɗaci ba ya ƙara wa hanta sauri. Wankan ruwan sanyi ma haka, iyaka ya mayar da kai bugagge mai rawar ɗari.

Sauran wahalar kuma daga wurare daban-daban take taruwa. Giya na danne sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, sai ka yi ta fitsari fiye da yadda ka saba, da safe ƙishirwa da jiri su taso. Tana ƙona fatar ciki ta ƙara ruwan tsami, ga tashin zuciya. Tana iya sauke sukarin jini, ga kasala da zufa. Barcin da kake ganin ka yi mai nauyi kuwa barcin banza ne, don giya na lalata sashen barcin da ake mafarki a cikinsa, mutum ya kwana awa 8 ya tashi kamar an yi masa duka. Abin mamaki, laulayin ya fi tsanani daidai lokacin da giyar ta kusa ƙarewa a jini, kuma yana iya kai wa awa 24. Giya masu duhun launi irin su wiski da barandi da jan ruwan inabi sukan fi wahalar da mutum, saboda ƙarin sinadaran da ke cikinsu, amma kada wani ya ɗauki wannan a matsayin fatawar komawa ga fara. Yawan abin da ka sha shi ne babba.

Rigakafin da ba ya kuskure ɗaya ne, kun san shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a Janairun 2023 cewa babu wani adadin giya da za a ce ba ya cutar da lafiya, kuma a ƙididdigarta giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Wanda bai kai ga bari ba tukuna, aƙalla kada ya sha da yunwa, kada ya shiga gasar wa ya fi wa, ya riƙa sa ruwa a tsakani, ya yanke wa kansa iyaka tun hankalinsa na jikinsa.

In an riga an wayi gari a ciki, abin yi kaɗan ne. Ruwa, kurɓi-kurɓi, ba a ɗaga kofi gaba ɗaya ba don kada ya dawo. In an yi amai da yawa, ruwan gishiri da sukari na ORS ya fi. Abinci mara nauyi, sai a koma barci. A yi hattara da maganin ciwon kai: farasitamol ta hanta yake bi, hantar da ke fama da aikin jiya, kuma ga mai yawan sha haɗin nan yana iya lalata ta. Asfirin da ibuprofen su kuma cikin da ya riga ya ƙone suke ƙara wa ciwo, har su iya jawo zubar jini. Mai gyambon ciki ya nisance su.

Yanzu ga inda na fi so ku tsaya ku saurara, musamman ku abokai. Ba duk wanda ya kwanta bayan sha ne ke barci ba. Giyar da ke cikin ciki tana ci gaba da shiga jini bayan mutum ya faɗi. Mu kuwa abin da muka saba shi ne a jefa shi kan katifa a rigingine, a cire masa takalmi, a ja ƙofa, a ce "bar shi, da safe zai wartsake." A haka amai ke komawa hanyar numfashi ya shaƙe mutum ba tare da ya farka ba. Ku kwantar da shi a gefe, ku lanƙwasa gwiwarsa ta sama don kada ya mirgina, wani ya zauna kusa da shi. In an girgiza shi bai farka ba, ko numfashinsa ya gaza sau 8 a minti, ko yana tsayawa daƙiƙa 10 tsakanin numfashi da numfashi, ko jikinsa ya yi sanyi leɓɓansa sun sauya launi, ko ya fara jijjiga, asibiti za a nufa nan take. Na san abin da ke hana mu: tsoron kada asiri ya tonu, kada iyaye su ji. Ku auna wanne ya fi sauƙin faɗa wa mahaifiyarsa. Haɗarin kuma yana ninkawa in an haɗa da tiramadol ko kodin ko maganin barci, don dukkansu numfashi suke dannewa.

Akwai kuma giyar jabu da ake gauraya da metanol, wani sinadari mai guba. Da farko kamar laulayin da aka saba yake, sai bayan awa 12 zuwa 24 gani ya fara dushewa, ciki ya murɗa, numfashi ya yi sauri. A Nuwamban 2024 matafiya 6 suka mutu ta haka a Vang Vieng da ke ƙasar Laos, yawancinsu matasa. Duk wanda ya ce yana ganin hazo bayan ya sha, ba barci yake buƙata ba, likita yake buƙata.

Sai shawarar da mashaya ke ba juna, wai a ɗan ƙara kurɓar giya da safe jiki ya saki. Yana saki, na ɗan lokaci, don ka ɗage biyan bashin ne ka ƙara masa ruwa. Ɗan ɗakin nan nawa ta wannan ƙofar ya shiga. Wata safiya na ga ya kasa ɗaure igiyar takalminsa saboda karkarwar hannu, ya kurɓa, hannun ya tsaya cak, ya dube ni yana dariya. Jiki magayi. Wannan ya wuce laulayin bayan maye, jiki ne ya saba har ya kasa aiki sai da ita. Wanda ya kai nan kada ya yanke sha dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki, domin yankewar kwatsam tana iya kawo jijjiga da ruɗewa da gane-gane cikin kwana 2 zuwa 3, kuma tana kisa. Ya je wurin likita, ya faɗi ainihin adadin da yake sha ba rabinsa ba, a sauke shi a hankali da magani. In kunya ta hana shi zuwa, kai abokinsa ka raka shi, ka zauna a kan bencin jira har a kira sunansa.