Wa ya sa hannu a takardar filin?

Duk shekarar da kogunan Logon da Shari suka cika suka tumbatsa, magana biyu ce ke yawo tsakanin mutanenmu na Kuseri a Kamaru da Njamena a Chadi. Wasu su ce gwamnati ta yi watsi da talaka. Wasu kuma, galibi masu gida a kan tudu, su ce: "To wa ya aike su gini a hanyar ruwa?" Ni da ke zaune a Faransa, ta biyun ce ta fi tsaya mini a rai, domin na ga yadda ake amsa ta a nan, kuma da takarda ake amsawa.

A ƙasar nan ko ɗaki za ka kama haya a yankin da ruwa ke ci, doka ta tilasta wa mai gida ya ba ka takardar da ta faɗi haɗarin wurin. Garuruwan bakin kogi da yawa suna da taswira: inda aka shafa ja ba a sabon gini, inda aka shafa shuɗi a gina amma da sharaɗi. Tun 1982 kuma duk mai inshorar gida yana biyan wani ƙari, wanda da shi ake biyan diyya in gwamnati ta ayyana cewa bala'i ya auku. Ƙarin nan kashi 12 cikin ɗari ne a da, aka mai da shi 20 a farkon 2025. Ana ta ƙorafi, amma ana biya.

Kada a zaci waliyyai ne. A watan Fabrairun 2010 guguwar Xynthia ta turo teku cikin dare ya haura jinga a wani ƙaramin gari, La Faute-sur-Mer, ya kashe mutum 29, yawancinsu tsofaffi. Gidajen a kwari aka gina su, da izinin hukuma. Abin da ya biyo baya shi ne ya bambanta mu da su. Ba mamatan aka tuhuma ba, magajin garin aka gurfanar. A 2014 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 4. Da ya ɗaukaka ƙara, a 2016 aka sassauta zuwa shekara 2 na je-ka-ka-gyara-halinka. Gwamnati ta saye ɗaruruwan gidaje a wurin ta rushe su.

To mu koma gida. Mutumin da ya gina a unguwar Waliya ta Njamena, ko a wata fadama a gefen Kuseri, ba cikin dare ya sato filin ba. Bulama ko lawan ne ya nuna masa, ya biya, aka rubuta takarda da shaidu. Gobe hukuma ta zo karɓar haraji, jibi a jawo wuta, a gina makaranta, lokacin zaɓe a kafa rumfa. Kowa ya amince unguwa ce, sai ranar da ruwa ya zo a tuna cewa ai kwari ne. Shi kuwa bai zaɓi kwarin don sha'awa ba. Njamena da ke da mutum kusan miliyan ɗaya a ƙidayar 2009 ta ci gaba da kumbura, filin tudu ya fi ƙarfin mai tura baro da mai sayar da shayi. Wanda bai da zaɓi, ban ga yadda za a kama shi da laifin zaɓi ba.

Ruwan nan kuma ba ɓarawo ba ne, sallama yake yi. Logon daga tsaunukan Adamawa yake gangarowa, Shari daga Afirka ta Tsakiya, sai wajen Oktoba zuwa Nuwamba suke kai maƙura a mahaɗarsu, lokacin da sama ta riga ta ɗauke a wurinmu. Akwai makonni na shiri. Duk da haka a Oktoban 2022 sai da ruwa ya shiga gidaje shugaban Chadi Mahamat Idriss Déby ya kafa dokar ta-ɓaci, mutanen Waliya na kwashe katifu a kwale-kwale. A 2024 ambaliya ta taɓa larduna 23 na Chadi gaba ɗaya, ta shafi mutum wajen miliyan 1.9, ta kashe fiye da 570. A ƙetaren Kamaru, gadar da ke cikin garin Yagwa ta karye a Satumban shekarar.

Ɓangaren Kamaru ma akwai bashin da ba a biya ba. Bayan ambaliyar 2012 shugaban ƙasar Paul Biya ya zo da kansa har garin Girvidig, ya yi alkawarin jinga mai titi a kanta, kilomita 330 daga Gobo zuwa Kuseri. Ruwan 2022 ya zo bai tarar da ita ba, na 2024 ma haka. A yi adalci: da kuɗin Bankin Duniya an gyara madatsar Maga, wadda aka gina a 1979 don noman shinkafa, da wani sashe na jingar Logon. Amma jinga aikin hukuma ce tsantsa. Buhunan yashin da samarin unguwa ke jerawa da tocila, Allah Ya saka musu, ba za su tare kogin da ya haura mita 8 ba.

Namu laifin fa? Yana nan, kuma ba ƙarami ba ne. Mun san masu haƙar ƙasa a gindin jinga su buga tubali, da masu fasa ta da rani don shayar da gona ko kama kifi su tafi su bar ta a buɗe. Mun san inda sharar gidajenmu ke ƙarewa. An hana leda a Njamena a 2010, garin ya yi fes na ɗan lokaci, yau a leƙa lambatu a gani. Akwai kuma mai hali da ya cike tafkin unguwa da ƙasa ya ɗora bene, ruwan da tafkin ke sha ya koma ɗakin maƙwabci. Wannan ba talauci ya sa shi ba. Kotoko da suka daɗe da zama a bakin kogin nan kan tuddai suka kafa garuruwansu, suka bar wa ruwa filinsa. Mu muka zo da siminti muka ce mun fi su wayo.

Mu na waje ma da hannunmu a ciki. Kuɗin da muke aikawa su ke sayen da yawa daga filayen nan. Kawu ya bugo waya: "Ɗana, an samu fili da araha, ka hanzarta kafin a riga mu." Ba ka tambayi dalilin arahar ba, a watan Maris aka ɗauko maka hoton, ƙasa a bushe ƙayau.

Abin da nake nema daga hukuma bai kai tsadar kilomita 330 ba. A bi unguwa-unguwa a shafa fenti a jikin turakun lantarki daidai inda ruwan 2022 da na 2024 ya tsaya. A liƙa taswirar a ofishin magajin gari da ƙofar masallatan Juma'a da coci-coci, a karanta ta a rediyo da Larabcin Shuwa da Fulatanci da Hausa. A yanka filaye a tudu da farashin da talaka zai iya, a kai ruwan sha da makaranta, don an sha ganin waɗanda aka kwashe sun koma kwari saboda can ne kusa da kasuwa. Bulaman da ya sake sayar da fili a ƙarƙashin fentin, da jami'in da ya buga masa hatimi, su je gaban alƙali. Ranar da aka yi waɗannan, duk wanda ya gina a hanyar ruwa ni ma zan tambaye shi wa ya aike shi, ko da kawuna ne.