Wai David Dhawan ba darakta ba ne? To ku zo ku ba mu dariya mu gani

Wato dai maganar nan ta jiya har yanzu ba ta mutu ba, sai ƙara yaɗa ta ake yi, ana ta danna mata alamar so. Mutum ya kalli fim ɗin Indiya Coolie No. 1 na 2020 da David Dhawan ya ba da umarni, wanda Varun Dhawan da Sara Ali Khan suka fito, ya tashi ya hau Facebook ya yanke hukunci cewa David Dhawan bai taɓa zama darakta ba, ɗan camama ne da sa'a ta ɗauka. Har da ƙarin cewa duk mai son fina-finansa bai san fim ba. To madalla, Farfesa. Allah ya ƙara ilimi. Mu jahilan da muka kwashe shekaru muna dariya yanzu mun gane ashe kuskure muke yi.

Ku saurara da kyau. Sa mutum dariya aiki ne, kuma ya fi sa shi kuka wahala. Kuka ai kowa ya san hanyarsa: a kashe uwar jarumi, a saki ruwan sama, a sa goge mai taushi, shi ke nan mata sun fara share ido da gefen mayafi. Dariya ba ta da wannan araha. Idan maganar ta makara da ƙiftawar ido ta mutu, idan ta yi sauri ta mutu, idan aka nuna fuskar da ba ita ba ta mutu. Wanda ke riƙe da wannan ma'aunin shi ne darakta da edita, kuma David Dhawan duka biyun ne.

Wannan ne abin da masu zagin ba su sani ba, ko sun sani suka ƙi faɗa. Mutumin nan, da asalin sunansa Rajinder Dhawan, an haife shi a Agartala ya tashi a Kanpur, ya je makarantar koyon fim ta gwamnatin Indiya da ke Pune ya karanta editin. Kafin ya taɓa cewa kowa ya tsaya gaban kyamara, yanka fim yake yi yana haɗawa. Kun san Saaransh na 1984, na Mahesh Bhatt, wanda Anupam Kher yana saurayi ya fito a tsohon da aka kashe masa ɗa a Amurka? Fim ɗin da Indiya ta aika gasar Oscar? David Dhawan ne editansa. Irin fim ɗin da ku masu ilimi kuke cire masa hula kenan, kuma hannun "ɗan camama" ne ya tsara numfashinsa. Don haka ba rashin sanin fim mai nauyi ya kai shi barkwanci ba. Ya san shi ciki da waje, ya zaɓi wata hanya.

Fim ɗinsa na farko ma ba na dariya ba ne. Taaqatwar ne na 1989, na faɗa, da Sanjay Dutt (Ɗan daba mai lasin, in ji mutanenmu) da Govinda. Ya yi Swarg a 1990 da Rajesh Khanna, labarin iyali mai sa hawaye. Sai a 1993 ya saki Aankhen, kuma a shekarar da aka yi Baazigar da Darr da Khalnayak, Aankhen ne ya fi kowanne kawo kuɗi a Indiya. Fim ɗin samari biyu marasa jin magana da uba mai masifa da biri. Ku ce sa'a ce. To Raja Babu a 1994 fa? Coolie No. 1 a 1995? Saajan Chale Sasural a 1996? A 1997 kaɗai ya fitar da Judwaa da Hero No. 1 da Deewana Mastana. Wace irin sa'a ce wannan da take zuwa kowace shekara ba ta ɓatan hanya?

Ni abin da na gani da idona shi nake faɗa. Gidan kallon unguwarmu a wancan lokacin rumfar langa-langa ce, bencina a jere, talabijin a kan tebur an ɗora masa dutse kada iska ta kayar da eriya, janareta yana ihu a baya. Babu fassara, babu rubutu a ƙasa, babu wanda ya iya Indiyanci a cikinmu sai 'yan kalmomin da aka tsinta. A sa Coolie No. 1: Govinda ɗan dako ne da aka yi wa ƙaryar shi ɗan attajiri ne don a aura masa 'yar Kader Khan, mutumin da ya rantse sai mai kuɗi zai ba 'ya'yansa. Surukin ya gan shi da jar rigar dako, shi kuma nan take ya ƙirƙiro cewa ai ɗan'uwansa ne, tagwaye ne su. Wallahi akwai wani dattijo mai sayar da rake da yake zama a bencin gaba, dariya ta sarƙe shi har sai da aka bubbuga masa baya aka miƙo masa ruwa. Bai ji kalma ɗaya ba. Fuska ya gani, ya ga inda aka yanke, ya ga tsawon shirun da aka bari kafin ƙaryar ta fito. Wa ya auna wannan shirun? Sa'a?

Na san abin da za ku ce, don tun jiya kuke ta maimaitawa. Wai wanki yake yi, wato kwaikwayon fim ɗin wasu. E, yana yi. Raja Babu da Coolie No. 1 da Biwi No. 1 duk daga fina-finan Tamil aka ɗauko su, Judwaa daga Hello Brother na Telugu, Partner na 2007 kuwa ko makaho ya san Hitch na Amurka ne. Sai me? Rabin masu shirya fim na Bombay wanki suke yi a lokacin, me ya sa na sauran aka manta da su nasa ake ta nema? Shinkafa ɗaya kowa ke aunowa a kasuwa, amma ba kowace tukunya ake komawa neman ƙari ba. Kuma mu da muke da Kannywood, mu ne za mu tsaya muna yi wa wani gorin wanki? Ku bari, kada ku sa a yi mana dariya.

Wai Govinda ne ya ɗauke shi. Govinda gwani ne, babu mai ja, fina-finai 17 suka yi tare kuma babu wanda ya kai shi iya sauya fuska a tsakiyar magana. Amma Govindan nan ya yi aiki da daraktoci da yawa, ku lissafo min nawa ne suka fitar da abin da David ya fitar daga jikinsa sau da yawa haka. Sannan wa ya fara nuna wa duniya Salman Khan zai iya riƙe fim ɗin barkwanci shi kaɗai in ba Judwaa ba? Wa ya haɗa Salman da Akshay Kumar a Mujhse Shaadi Karogi a 2004? Amitabh Bachchan da kansa, lokacin da fina-finansa ke faɗuwa kamfaninsa yana cikin bashi, gun David ya zo aka yi Bade Miyan Chote Miyan a 1998. Rana ɗaya aka sake shi da Kuch Kuch Hota Hai, kuma bai nutse ba.

Wai akwai batsa da rawar banza. Wannan kam akwai, wata waƙar Raja Babu har a Indiya sai da ta tayar da ƙura, kuma ba zan zauna da yarana mu kalle ta ba. Amma wannan maganar tarbiyya ce, a yi ta daban. Ku cewa kuka yi bai iya aiki ba. Kada ku sauya hanya da kuka ga an tare ku.

Shi kuma Coolie No. 1 na 2020 da kuka riƙe kamar hujjar kotu, bai yi kyau ba, kowa ya sani. Babu Govinda, babu Kader Khan, zamani ya wuce wurin. Mutum ya yi fina-finai sama da 40, ku ɗauki na tsufansa ku ce shi ne shi. Haka ake yi?

Abin da ke ci min rai a gaskiya ya wuce David Dhawan. Raini ne da muke yi wa duk wanda ya sa mu dariya. Mu sha dariyarsa mu goge hawaye, mu fito waje mu ce shirme ne. Filmfare, mai ba da kyaututtukan fina-finan Indiya, ba ta taɓa ba David kyautar gwarzon darakta ba. A nan gida haka aka yi wa marigayi Rabilu Musa Ibro, ana ce masa ɗan camama da ɗage hanci, sai da ya rasu a 2014 aka fara cewa ashe babu kamarsa. Mutumin da ya wuni yana fama da rana da bashi da rashin lafiyar yaro, ya zo da dare aka sa shi ya manta na awa biyu, wanda ya yi masa wannan ya yi aiki. Wanda ya ce abu ne mai sauƙi, to duk wanda ya ce zai haɗiyi gatari a riƙe masa ƙota: ga waya a hannunka, ɗauki minti biyar ka ba mu dariya.

Af, tunda na ambaci Kader Khan, da yawanku ba su san a Kabul aka haife shi ba, kuma malamin injiniya ne a wata kwaleji a Bombay kafin ya shiga fim, shi ne kuma ya rubuta zantukan manyan fina-finan Amitabh da dama. Ya rasu a Kanada ranar ƙarshe ta 2018, sai bayan nan aka ba shi lambar yabo ta gwamnatin Indiya, Padma Shri. Allah ya jiƙansa. Kuma don Allah ku masu ɗora tsofaffin fina-finan nan a intanet, ku daina manna tallar maganin basir a tsakiyar allo. Rannan ina kallon Deewana Mastana, daidai inda Johnny Lever zai zaro ido sai ga lambar waya ta rufe masa fuska gaba ɗaya. Duk mai shi garau ba talla ya yi min magana ta ciki.