Tun Yaushe Gafarar Allah Ta Shiga Kasuwa?

An yi wani taron farkawa na Kirista a daren Juma'a, bidiyonsa na ta yawo. Ina wurin, a layi na uku. Mutum ya riƙe makirufo ya ce mai son a share masa zunubi ya fito ya "shuka iri" na naira dubu 20, mai dubu 50 kuma a ɗora masa hannu na musamman. Ciniki ne wannan, da sunan Yesu kuma aka yi shi.

Abin da ya hana ni barci, wata tsohuwa ce kusa da ni, mai sayar da ƙosai. Ta kwance bakin zaninta, ta ƙirga 'yan ɗari biyu-biyu da suka sha mai, ta sake ƙirgawa, sannan ta ɗaure. Ta juyo ta ce mini, "Ɗana, ashe nawa bai kai ba." Na ce, "Mama, an riga an biya miki." Har yanzu ina ganin hawayenta.

Ba na wasa da zunubi. Ishaya 59:2 ya ce laifofinmu ne suka raba mu da Allah. Romawa 3:23 ba ta ware kowa ba, fasto da mai ƙosai duk mun kasa. To ramin da zunubi ya haƙa, dubu 20 ce za ta cike shi? Hakkin zunubi mutuwa ne, in ji Romawa 6:23, ayar kuma ta kira rai madawwami kyautar Allah. Kyauta fa! Wa ya taɓa biyan kuɗin kyauta? Allah da kansa ya taso ya sulhunta duniya da shi ta wurin Almasihu, haka 2 Korintiyawa 5:19 ta faɗa. Bitrus ma ya ambaci azurfa da zinariya da sunansu, ya ce ba da su aka fanshe mu ba, da jini ne. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, hannuwansa a kan gungume, me ya sa a kwanon baiko? Amma ran nan aka yi masa alkawarin Firdausi.

Tun jiya ake turo mini "kada ka taɓa shafaffe na Allah", wato kada na soki mai makirufon nan. Ku ajiye wannan. Da Siman na Samariya ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ce masa ya yi ya hallaka tare da kuɗinsa, ku duba Ayyukan Manzanni sura 8. Wasu kuma sun ce aikin Allah na bukatar kuɗi. Wa ya musa? Ina ba da zakka, ina ba da baiko, kwanon rufin majami'a ba ya sauka daga sama. A ce mana kuɗin janareta ake nema, za mu bayar. Amma kada a liƙa wa gafara farashi. Kan irin wannan sayar da takardun gafara Martin Luther, wani malamin ikilisiya, ya tashi a Wittenberg ta ƙasar Jamus a 1517, ga shi bayan shekara fiye da 500 mun dawo da abin da hannunmu.

Dattawan ikilisiya, kuna zaune a gaba kuna ji, babu wanda ya miƙe. Wannan ya fi yi mini ciwo.

Af, ku matasan da kuka ɗauki bidiyon, fuskar Mama ta fito sarai tana kuka, kuna ta yaɗawa. Don Allah ku goge. Da aka tashi wajen ƙarfe ɗaya na dare, motoci sun cika filin, amma da ƙafa ta kama hanya, sai da wani ɗan acaba ya tsaya ya kai ta gida, ya ƙi karɓar ko sisi.